Gidan Zanen da Na Kai Inna

Shekarun baya, lokacin da 'yata ke shirin shiga jami'a a nan Greensboro ta Amurka, rigima ta tashi a gidana. Yarinyar ta ce ita zane za ta karanta, Inna kuwa, wato mahaifiyata da ke zaune tare da mu, ta ce ba da yawunta ba. A wurinta zane wasan yara ne, jikarta aikin asibiti za ta koya kamar 'ya'yan mutane. Maigidana ya zame, ya ce duk abin da Inna ta yanke shi ke nan. Yarinya ta daina cin abinci tare da mu, ga lokacin cike takardu yana matsowa.

Ni kuwa akwai taurin kai, kuma wurin Innar na gado shi. Na ƙudura sai ta ga zane na gaske da idonta kafin ta yanke hukunci. Na ɗauki hutu, na shirya mana tafiya Florence ta Italiya mu uku, sannan daga wurin aiki na tura mata saƙo cewa za mu je babban gidan zane.

A baki, zanen alƙalami da zanen ɗaurawa ba sa rikicewa, tunda na alƙalami ana jan wasalinsa na farko. A rubuce kuwa duk ɗaya ne. Inna ta tsufa tana sayar da atamfa a kasuwar Maraɗi, ga kuma sunan Italiya, ƙasar leshi. Ko da na dawo gida na tarar ta sanar da matan masallaci kaf, kowace ta faɗi kalar da take so. Na gane kuskuren nan take, na buɗe baki zan gyara, sai na mayar na rufe. Allah ya yafe mini.

Ranar da muka je, mun daɗe a layi cikin rana, Inna tana ta yaba cinikin masu wurin. Muna shiga muka ci karo da mutum-mutumin dutse, ƙato, ko ɗan kamfai babu. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

"A'uzubillahi! Ke, mi ne ne wannan? Ina zannuwan?"

Na faɗa mata gaskiya da ƙaramar murya. Ta dube ni irin kallon da rabona da shi tun ina 'yar firamare, ta nemi benci ta zauna, ta ce ba ta ƙara taku ɗaya sai dai zuwa ƙofar fita. Na ji kunya, na ji tsoro, amma na zauna kusa da ita.

"Inna, ki zage ni yadda kike so. Ɗaki ɗaya kawai za ki shiga. In kin fito kin ce a'a, wallahi ba zan sake tayar da maganar ba."

Mun fi rabin awa a bencin nan. Daga bisani ta miƙe, ta ce don dai kar a ce ta ƙi ne.

A ɗakin akwai wani tsohon hoto na wata mata a zaune, an lulluɓe ta da jan ƙyalle. Inna ba ta ko kalli fuskar matar ba. Ta matsa kusa har mai gadi ya ɗaga mata hannu.

"Wannan karan-miski ne," in ji ta. "Dubi nauyinshi, dubi yadda ya kwanta a gwiwa. Wanda ya yi wannan ya taɓa riƙe kaya a hannunshi."

Ta juya wurin jikarta. "Ke, kin iya wannan?"

Yarinyar da kullum da Turanci take ba mu amsa ta lalubo Hausarta da kyar. "Ban iya ba, Kaka. Shi nake so in koya."

Inna ta wuce ɗaki na gaba. Ɗaki ɗaya muka yi alkawari, amma sai da muka zaga shida, tana bin hotuna tana faɗin wanne yadi ne mai kyau, wanne ne na talaka. A bakin ƙofa ta ce in yarinya za ta koya, to ta koya sosai, ita ba ta son aikin ha'inci.

Yau 'yata ta gama karatunta, da zanen take ci. Abin da na koya shi ne, watanni na yi ina jayayya da Inna a kan abin da ba ta taɓa gani ba, ina kiran ta mai tsauri a zuciyata. Yaudarar kuma ta daɗe tana damuna, har wata rana muna tsinke alayyahu a kicin na nemi gafararta.

"Na yafe," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Da kin gaya mini gaskiya da ban tafi ba. Da kuma na cuci ɗiyar nan, ina ganin gata na yi mata."