Wasiƙata a Cikin Kan Keke

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙawata Zainabu: wata uku wasiƙata ta yi a cikin kan keken Nura, abokin yayana.

A littattafan soyayya cikin fure ake ɓoye wasiƙa, mu kuwa gidanmu sai zogale. Shi ya sa na naɗe tawa, na zare robar mariƙin kekensa, irin na hawa duwatsun nan, na cusa ta cikin ƙarfen. Kullum yana riƙe da zuciyata daga Tsaskiya har Batsari, bai sani ba.

Ranar kasuwa na kai wa Kawu Sale abinci rumfarsa ta gyaran keke, sai ga Nura. Wai miƙaƙƙen kan nan yana sa masa ciwon hannu a gargada, mai faɗi yake so, mai lanƙwasa baya kamar ƙahon saniya.

"Hafsatu, wanne ya fi?" in ji Nura.

Kunya ta rufe ni, na nuna mai ƙahon. Ina kallo Kawu ya kwance tsohon, ya jefa cikin tarkace.

"Kawu, ka ba ni wancan."

"Ke da ko taya ba ki da ita? Me za ki yi da shi?"

"Muciya."

"To, ranar da kika yi tuwo da shi, kada a kawo mini."

Da ya ba ni, da tsinken tsintsiya na zaƙulo wasiƙar, duk ta yi tsatsa. Gobe da hannuna zan miƙa wa Nura.