Marar lafiyata ta farko

Har na koma ga Allah ba na jin zan manta da safiyar da kakata ta ɓata mini wasan likita a gidanmu na Ƙaura Namoda.

Na dawo daga karatun likitanci a ƙasar waje, na zauna jarrabawar samun lasisin aiki, na faɗi. Rubutun bai ba ni wahala ba, ɓangaren ganawa da marar lafiya ne ya kayar da ni. Kunya ta hana ni fita ko kasuwa, don direbobin tasha tuni suke kirana Dokta.

Sai na koma ga manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke wayata. Nakan sa ta tsara labarin marar lafiya, da shekarunsa da abin da ke damunsa, ta karanta da murya cikin Hausa. Amma ina bukatar mutum mai rai da zai hau wannan matsayi. Kakata, wadda muke kira Inna, ita ta karɓi aikin. In saka mata abin sauraro a kunne, in fita zaure, in dawo da sallama kamar baƙo.

"Wanga Bakano naka ya cika surutu," in ji ta, don Hausar manhajar ba irin tamu ba ce.

Allah ya yi wa Inna baiwar kwaikwayo. Yau ita ce manomin ƙauyen Banga mai tari, gobe amarya mai laulayi, har da yauƙi. Idan na yi gaggawa sai ta tsuke fuska: "Maigidana, haka a ka tambayar mutane? Ko gaisuwa babu?"

Ran nan na shigo na ce, "Hajiya, me ke tafe da ke?" Ba ta yi nishin da ta saba ba. A hankali ta ce ƙishirwa ke damunta, ga yawan fitsari, ido na hazo, ga wani miki a ƙafa da ya ƙi warkewa. Na yi tsalle na ce ciwon suga ne! Da na duba wayar, sai na ga labarin mai gyambon ciki aka ba ta.

"Inna, kin ɓata wasan."

"Na Bakanon na mance shi," ta ce, tana kallon tabarma. "Wanga nawa na."

Na durƙusa na janye zanen da ta rufe ƙafarta da shi. Mikin ya ci ƙarƙashin babban yatsa, har ya fara wari. Ashe ta daɗe tana ɓoyewa, wai kada ta raba mini hankali ga jarrabawa tafe. Ta rasa bakin faɗa wa jikanta, sai ta faɗa wa likita.

A ranar muka tafi asibiti, aka ba ta gado. Likitan da ya duba ta ya ce da an ƙara jinkiri, da sai an yanke yatsan. A gefen gadonta na ƙarasa karatuna, tana yi mini gori wai ta samo mini ciwon gaske kyauta. Na sake zama jarrabawar, Allah ya ba ni sa'a. Inna na nan da yatsunta cif, sai faɗan an hana ta shayi mai zaƙi.

Na'ura ta koya mini tambayoyi masu yawa, kuma na gode mata. Amma tun daga ranar na san cewa mutum yakan zo da ciwonsa a naɗe cikin wasa ko kunya, kuma sai wanda ya ajiye waya ya dubi fuskarsa ne zai gani.