Ciwon kan da ya tashe ni daga gaban mikro

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina Rabi ta shiga, ga ni. Ba haihuwa na tafi yi ba, ba kuma ƴan siyasa ne suka rufe mini baki ba, kamar yadda ake yaɗawa a Sabon Gari.

Ciwon kai ne. Ku yi dariyarku, ni ma da haka na raina shi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ke karanta labaran rana a wani rediyo mai zaman kansa a Maraɗi. Kullum daga Tsibiri nake zuwa bisa kabu-kabu.

Abin yakan fara da walƙiya a gefen idona na hagu. Can sai rabin kaina ya ɗauki sara, zuciya ta tashi, amai ya biyo baya.

Inna, mahaifiyata, maganinta ɗaya ne. Ta tamke mini kai da ɗankwalinta, ta ce, "Ki jure, ɗiyata. Mace ba ta rugawa wurin magani don ɗan ciwon kai."

Na jure kuwa. Sai ciwo ya kai ni ƙasa nake haɗiye parasetamol, shi kuma ya dawo yadda ya shiga.

Ana tsakiyar rikicin tazarce, kunnen kowa na kan rediyo, ina cikin karatu rubutun ya ɓace mini. Ban kai ƙofa ba. A kwandon shara na yi aman, mikro a buɗe.

Maraɗi duka ta ji. Washegari ɗan kabu-kabu ya ce mini, "Madam, Allah ya sauke ki lafiya." Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Darekta bai yi faɗa ba. Ya ce, "Je ki nemi lafiya. Amma in zaɓe ya zo ba ki warke ba, dole in ba wani kujerar."

Aikin nan shi ne raina. Na rantse ba zan bar shi a kwandon shara ba.

Na bi layin asibiti tun da asuba. Aka ɗebi jini, ba zazzaɓin sauro. Aka auna tansiyo, wato hawan jini, lafiya. Aka duba ido, lafiya. Wani ya ce ko ƙari ne a ƙwaƙwalwa, hoton kai kuma sai Yamai, kuɗinsa ya fi ƙarfin albashina. Gaskiya na ji tsoron mutuwa.

Daga baya na faɗa hannun wata dattijuwar likita. Ta saurare ni tsaf, ta gwada ni, ta ce ciwon ɓarin kai ne, ba sai an yi hoto ba. Sannan ta tambaya, "Yaushe kike shan maganin?"

Na ce, "In na kasa tsayuwa."

Ta girgiza kai. "Kin taɓa ganin manyan motoci sun yi layi ranar da aka rufe iyaka? Haka cikinki yake in ciwon ya taso. Ya daina tura komai gaba. Ƙwayar ta zauna a ciki, ba ta kai hanji ba balle ta shiga jini, sai amai ya fiddo ta."

Ta rubuta mini ƙwaya mai magani biyu a haɗe. Ɗaya na kashe ciwo, ɗaya na kwantar da tashin zuciya, ya motsa cikin ya buɗe wa ɗan'uwansa hanya. "Amma da walƙiyar farko za ki sha. Juriyar nan taki ita ke kashe maganin."

Inna, da ta rako ni, na zaune a gefe tana jin komai.

Ba rana ɗaya na gane kansa ba. Sau da dama na makara. Wani lokaci maganin yakan sa ni gyangyaɗi. Na koyi daina fita ba kalaci, na rage tsayuwa cikin rana.

Na koma aiki gab da zaɓe. Ranar da sakamako ya fara shigowa, ina jera takardun labaran rana, walƙiyar ta gifta. Nan take na haɗiye ƙwayar a gaban kowa, na zauna na rufe ido.

Aka kunna jar fitilar fara shiri. Kan na da ɗan nauyi, amma rubutun na nan. Na karanta har layin ƙarshe.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitar nan, da darekta da ya jira ni, da ku da kuka yi ta cigiyata.

Masu irin ciwona, ku je a duba ku, kar ku sayi maganin nan wurin mai tebur don kun ji daga bakina. Ba na kowa ba ne, mai ciki da yara sai likita ya ce. Ba a shan sa kullum, yawansa ma na jawo wani ciwon kan. In kuma ciwon ya zo farat ɗaya, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, asibiti kai tsaye. Ciwon bai rabu da ni ba, amma ya daina kora ta daga kujerata.

Ɗankwalin Inna na nan. Yau da safe ta tsayar da ɗan kabu-kabu, ta miƙo mini shi da ƙulli a bakinsa. Na kwance, ƙwayata ce da na manta.

Ta ce, "In ya fara, kar ki jure."