Gishirin dariyar fari

Ɗazu Nafisa, 'yar ƙanena, ta shigo gidanmu a Ƙofar Sauri goye da jaririnta, ta damƙa mini ƙullin gishiri.

"Baba Malam, jiya ya yi dariyar fari. Babansa ne ya jawo, shi zai ciyar da mu."

Sai na tuna shekarar da soja suka miƙa mulki. Na dawo daga kwas ɗin malamai a Amurka, ina ta ba da labarin mutanen Nabaho, masu kiwon tumaki a kwazazzaban jan dutse. A wajensu, duk wanda ya fara sa jariri dariya shi zai haɗa walima, a ɗora gishiri a tafin jaririn a raba wa baƙi, don ya tashi da kyauta.

Ba a yi sati ba na yi wa Nafisa wasa, lokacin tana jaririya, ta ƙyalƙyale da dariyarta ta fari.

Matata ta ce, "To Malam, al'adar da kake yabo ta faɗo kanka. Ko a baki kawai take da daɗi?"

Ranar zakarana ya sha wuƙa.

Darussa da yawa na koyar aka manta, wannan kuwa ya zauna. Ku a gidanku, wa zai ciyar?