Akwatin Da Ke Tada Mota Ba Makulli

Ni rewaya ne, mai gyaran wayoyin mota. A Ngojin aka haife ni. Daga aji huɗu na tsere wa makaranta, don zama wuri ɗaya bai taɓa karɓata ba. Amma hannuna ya iya aiki, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba.

Bayan yaƙi satar mota ta yi yawa a Potiskum. Makulli ba ya tsare komai: ɓarawo ya tsinke waya, ya haɗa, ya wuce. Abin ya riƙa cina. Na yi ta tonon mushen motoci, ina farke matattun rediyoyi, ina ƙona yatsu da dalma, har na haɗa wani ƙaramin akwati mai maɓallai kala-kala. Sai in cire mazaunin makulli in dasa shi. Kowace mota da nata jerin. In ba ka danna launukan bi da bi ba, wuta ba ta kai wa inji, sai dai ham ya ɗauki kururuwa. Fatake masu kai shanu Kudu suka yi mini caa. Direbobi har suka daina kulle ƙofa.

To, direba mantau ne. Ina cikin cin abinci a zo a ce mota ta ƙi tashi a hanyar Fika, in je in kwance akwati. Don in huta, sai na saka wa kowane akwati jeri na biyu, iri ɗaya, wanda ni kaɗai na sani. Wallahi ba don sata na yi ba. Amma tunanin cewa duk motar da ke tasha tawa ce in na so, shi ya hana ni sakat.

Da aro na fara. Ranar Juma'a, mutane na masallaci, in tada akori-kurar wani in zaga in mayar. Daga nan sai zuƙar mai. Ana haka wani dillalin kayan mota ya ce mini, "Oga, kai ka ƙera, su suke hawa. Kai ko keke ba ka da shi." Na koya masa jerin.

Motar da ta fara ɓata ta Ba Modu ce, wani dattijon falken shanu. Direbansa Bukar abokina ne, kwano ɗaya muke ci. A gaban alƙali aka tambaye ni ko wanda bai san jeri ba zai iya tada ta. Na ce ba zai iya ba. Mai mota da direba kaɗai suka sani, saboda haka aka ɗaure Bukar. Ana jan sa yana cewa, "Kai ka san ni, faɗa musu mana!" Na dubi ƙasa.

Dillalin ya koya wa mutanensa, su ma suka koya wa nasu, har aka kama ɗaya. Ranar kasuwa sajen 'yan sanda ya tiso ƙeyarsa zuwa tasha. Ɓarawon yana bi mota-mota yana danna jerin, kowace tana tashi. Tasha ta cika da ruri da hayaƙi. Direbobi suka juyo gaba ɗaya, ga ni tsaye da filaya a hannu.

A gidan yari na tarar da Bukar, ya rame, yana tari, ana shirin sakinsa. Na ce, "Ya Bukar, ka yafe mini." Ya ce, "Matata ta koma gidansu. 'Yata ta rasu ban ga gawarta ba. Wanne zan fara yafewa?" Ya ɗauki ƙunshinsa ya fita.

Na ci shekaruna, aka sake ni da furfura. Na tuba, ina fatan Allah Ya karɓa. Tocila nake gyarawa yanzu, ba mai barina in taɓa motarsa. Bukar yana nan a unguwar Bolewa, in ya hango ni sai ya tsallaka titi, kuma gaskiyarsa ce.

Ku samari masu hannu, ku ji ni. In mutum ya ba ku amanar tsare kayansa, kada ku ajiye wa kanku hanyar shiga a ɓoye, ko da niyyarku fara ce. Wata rana za ku bi ta. In kuwa kun riga kun ɓata, aka tsayar da wani a madadinku, ku buɗe baki tun ba a ja shi ba.