Jar Tutar Malineo

Malineo, wato uwar Lineo, ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan keken ɗinki a wani kamfani a birnin Maseru. Da idanu suka fara gardama da kafar allura, sai ta tattara ta dawo ƙauyensu a tsaunukan Mokhotlong, ba ta zo da komai ba sai buhun ƙyallaye da bakin da ba ya gajiya. Ita kuwa ba ta iya zama ba. Kafin wata ya zagayo ta share ɗakin marigayi mijinta, ta mai da shi makarantar ƙananan yara.

Yaran ba su taka kara sun karya ba, kuma sanyi na shigowa iyaye suka fara ja da baya. Baba Seabata, kakan wata 'yar ƙiriniya mai suna Refiloe, shi ya faɗa mata ido da ido.

"Uwar Lineo, waƙa da tafi ai a gida ma ana yi. Makon nan ne na ƙarshe, jikata ta zauna kusa da murhu."

Maganar ta tsaya mata a rai, don inda Seabata ya sa ƙafa nan ƙauyen ke sawa. In Refiloe ta tafi, makaranta ta mutu.

Ana haka aka wayi gari dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat. Malineo ta leƙa, ta saki guɗa ita kaɗai. Ta daɗe tana fama da koya wa yaran launi a ɗaki mai hayaƙi, inda ja da kore duk baƙi ne. Yau ga farin zane Allah ya shimfiɗa mata kyauta! Ta zazzage buhun, ta zaro dogayen sanduna daga shinge, ta ɗaura wa kowace ƙyalle ta kafa a fili.

"Ja!" Yara suka kwasa a guje, masu faɗuwa na faɗuwa, suna tashi da ƙanƙara a hanci. "Kai Motlatsi, wannan kore ne! Ko idon naka a gida ka baro shi? Rawaya!" Ita ma har da ita a gudun, bargon da ta yafa na neman kayar da ita.

Abin da zaman birni ya mantar da ita shi ne abin da kowane yaro mai kiwo ya sani: jar tuta a ƙofar gida an yi yanka, rawaya an dafa giya, kore akwai ganyen miya. Ga shi a kan farin nan ana hango tutocinta tun daga ƙetaren kwari.

Kafin rana ta take, sai ga mutane na gangarowa, wasu a doki, wasu a ƙasa. Seabata ne a gaba, rungume da kwano.

"Ke da ko akuya ba ki da ita, me kika yanka?"

"A fito da giyar mana!" wani ya ɗaga murya daga baya.

Malineo ta dafe kai. Ita da ke jan waƙa a coci, yau ita ake nema da giya! Kunya ta kama ta, ta yi bayani tana in'ina.

"Wato tsumma na ratso kwari in gani?" in ji Seabata. "Refiloe, zo mu tafi."

Refiloe ta zo a guje, ta cafke bargonsa. "Kaka ja ne! Nan ja, nan baƙi, nan rawaya!"

Malineo ta ga abin ya riga ya ɓaci, to a ƙarasa wasan mana. Ta buɗe murya: "Shuɗi!" Yara suka yi caa a kan wata mata mai shuɗin bargo, tana ihu tana dariya. "Kore!" Mai neman giya, da yake koren bargo ya yafa, ya ruga, suka bi shi har ya zube. Filin ya kaure da shewa, manya na nuna juna suna cewa ga wani can, ku kama shi.

Seabata bai yi dariya ba. Ya ɗora jikarsa a doki, ya tafi da kwanonsa wayam. Malineo ta tuge sandunan ɗaya bayan ɗaya, zuciyarta a jagule.

Washegari tana hura wuta ta ji takun doki. Seabata ne, Refiloe a gabansa, yaran maƙwabta biyu na maƙale a bayansa, ga kwanon nan a rufe.

"Yarinyar nan ta hana ni sakat," ya ce. "Har tuwon masara sai da aka faɗa mini launinsa."

Ya miƙa mata kwanon. Naman rago ne, cike fal.

"Mai da jar nan inda take, uwar Lineo. Ba za a ce an ga jar tuta a garinmu babu nama ba."