Ƙirgen da Baba Ya Kawo Gida

Shekara bakwai ke nan da aka kai Baba makwancinsa a nan Riyad. Ban yi niyyar rubuta komai ba, ni da karatuna bai wuce aji huɗu ba, sai ga ƙanena Sani ya zo gidana a unguwar Shifa. Wai wata ƙungiyar malaman jami'a masu nazarin ƙasar Koriya ta fitar da sanarwa, tana neman hotuna da labaran leburorin da suka yi aikin titi da Koriyawa a Saudiyya.

"Yaya, Babanmu zai shiga littafi," in ji shi. "Hoton nan na hular kwano zan tura."

Na san hoton. Baba yana saurayi, sabon zuwa daga Damagaram, ya dafa wani Bakoriye suna dariya. Hannunsa na hagu yana bayan mutumin, shi ya sa ba a ganin yatsu biyu sun tafi. Injin fasa dutse ne ya cinye su. Wannan Bakoriyen ne ya yage rigarsa ya ɗaure hannun, sai shugaban aiki ya zo ya kwaɗa wa Bakoriyen mari saboda ya bar inji, har haƙori ya fita. A wurin nan duka bai ware ɗan ƙasarsu da baƙo ba. Wanda ya makara da safe, a jibge shi ana ƙirgawa da harshensu: hana, dul, set, wato ɗaya, biyu, uku.

Wannan ƙirgen Baba ya kawo mana gida, da wayar fanka yake yi. Ranar da na fasa fulas ɗin shayi ina shekara tara, sai da ya kai goma, rigata ta manne da bayana. Inna ta shiga tsakani, wayar ta tsaga mata gira. Da ya huce ya zauna yana shafa min man zaitun da yatsun nan uku. Sani yana goye lokacin, ƙarshen abin kawai ya tarar.

Da Baba yana raye, na san zai sa farar jallabiyarsa ya jira malaman nan. Ko a mota muke, in an hau titinsu, sai ya ce wa direba, "Sassauta, nan na bar yatsuna." Sauran labarin ba zai faɗa ba.

Kwana biyu kafin zuwan Sani, 'yata Husna mai shekara huɗu ta buɗe ƙofa ta sauka har bakin titi. Na kamo ta, na fizgo wayar caja na zuba mata. Sai na ji bakina ya ce "hana". Muryar Baba ce sak. Na yar da wayar, na zauna a ƙasa.

Shi ya sa na ce wa Sani ya tura hoton, amma ya rubuta duka, har da wayar fanka.

"Haba Yaya, mutumin ya rasu. Asirin gida ne."

Na ɗage wandon Husna na nuna masa shatin a ƙaurinta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To faɗi, ina rubutawa."

Allah Ya gafarta maka, Baba. Titinka yana nan, motoci suna ta wucewa. Ƙirgenka kuwa ya iso gidana, amma a ɗaya na tsayar da shi, kuma kullum ina roƙon Allah kada na biyu ya fito daga bakina.